Kafin ka sayi furotej, auna ƙwabrinka

Duk lokacin da babban hutu ya kawo jiki aka fara shirin TGV, gasar ƙwallon unguwanni ta lokacin hutu, zancen fada ɗaya ne a Maradi: maiyo wane kala za a saya, wa zai ɗauki lamba 10, ina ake samun kirampo mai sauƙi. Daga unguwar Zariya har Bagalam haka abin yake. Furotej kuwa, wanda ake turawa cikin safa don kare ƙwabri, sai ranar mash ake tunawa da shi, arbit na duba ƙafafu ana ta guje-gujen aro, wani ya yanko kwalin sukari ya ninka ya cusa, wani tsohuwar silifa ya datse. Ni kam abin na ɗaure min kai, mutum ya zuba jikkuna wajen takalmi amma ƙashin da ke ɗauke da shi ko oho.

Ka shafa gaban ƙwabrinka yanzu ka ji. Fata ce kawai kwance bisa ƙashi, yawancin naman yana can baya wajen sha-raɓa, shi ya sa ko bakin benci ka buga sai ka ji abin har cikin kanka, to ina ga haƙoran kirampon ƙato da ya taho da gudu. Aikin furotej kashi biyu ne. Bayansa mai tauri shi ke baza bugun ya watsu a faɗi maimakon ya sauka wuri ɗaya, sannan soson da ke ciki ya shanye abin da ya rage. Kwali bai da ko ɗaya, kafin a je hutun rabin lokaci zufa ta jiƙa shi ya zama dusa. Silifa tana da taushi amma babu tauri, bugun zai ratsa ta ya same ka.

Abin ya daɗe a duniya. Tun 1874 wani ɗan wasan Nottingham Forest a Ingila, Sam Weller Widdowson, ya yanke kariyar ƙafar da yake wasan kurket da ita ya ɗaura bisa safarsa ya shiga fili. A 1990 FIFA ta mayar da shi dole, kuma har yau yana cikin doka ta 4 ta dokokin ƙwallo tare da riga, wando, safa da takalmi, da sharaɗin safa ta rufe shi. Amma ga inda nake so a lura, a 2024 IFAB mai rubuta dokokin ta fito fili ta ce girman furotej da dacewarsa alhakin ɗan wasa ne. Ma'ana in ka sa ɗan mitsitsi arbit ba zai tsaya aunawa ba, kai da ƙafarka.

Kuma ɗan mitsitsin nan shi ake yayi. Yara sun ga ɗan wasan Ingila Jack Grealish a tele da safa a zazzage da ɗan abu kamar marfin kwalba, kowa na so ya yi irin nasa. Haba jama'a. Shi bisa ciyawa yake wasa wadda ake ba ruwa kullum, da likitoci zaune a gefen fili, in ya ji ciwo albashinsa na tafiya. Kai a filin unguwa kake, ƙasa ta bushe ƙamas da tsakuwa a ciki, mai tsaron bayan da zai tare ka bai taɓa jin an koya masa yadda ake tacle ba, arbit ɗin ma ɗan fadarsu ne, in aka karya ka gobe wa zai hau maka kabu-kabu ko ya zauna maka shago? Ba halinku ɗaya ba sam.

Girma shi ne abu na farko, duk sauran bayansa suke. Ka zauna ka lanƙwasa gwiwa, furotej ya fara kamar yatsu biyu zuwa uku sama da idon sawu, ya tsaya kamar yatsu biyu ƙasa da gwiwa. In ya fi haka tsawo zai dinga tokarin ka duk sanda ka lanƙwasa ƙafa ko ka ɗaga sawu za ka buga balo, in ya gaza kuma ya bar ƙasan ƙwabri a buɗe, kuma nan ne bugu ya fi sauka. Haruffan S, M, L da ke jikin leda da tsayin mutum ake lissafa su, sai dai M na wannan kamfani ba lalle ya zo ɗaya da M na wancan ba, don haka kar ka aiki yaro ya sayo maka. Ka je babbar kasuwa da ƙafarka, ka ɗage wando ka ɗora. Ya kwanta ya rungume ƙashin, kada ka ga rata a gefe. Ka duba kuma ko akwai L da R a ciki, da yawa na hagu daban na dama daban, akwai masu sa su a juye shekara da shekaru suna cewa furotej na damun su.

Iri kuma kusan uku ake gani. Akwai falle wanda kawai ake zura shi cikin safa, shi ya fi sauƙin nauyi kuma bai cika tara zufa ba, abin da ba a rainawa a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, amma yana zamewa in ba a riƙe shi ba. Akwai wanda ke zuwa da ƴar safarsa mai matsewa, ka sa ta ka zura shi ciki, a wurina wannan ya fi ga babban mutum. Sai mai kariyar idon sawu, da soso gefe da gefe da maɗauri da ke bi ta ƙarƙashin tafin ƙafa. Ƴan gaba na ƙin sa wai yana hana su jin balo, to su suka sani, amma yaro ɗan ƙasa da shekara goma sha biyu da mai tsaron baya da ɗan tsakiya da ke shiga cikin turmutsutsu, shi nake ba su shawara. Gola zai iya ɗaukar mara nauyi.

Kar tambari ya ruɗe ka. Kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa daga Kano da Katsina akwai na kirki akwai na bogi, kuma buga alamar Nike ko Adidas bisa roba ba wuya gare shi ba. Ka riƙe shi a hannu ka matsa gefe da gefe, na kirki zai ɗan ba da kai ya koma yadda yake, na banza ko dai ya naɗe gaba ɗaya ko ka ji yana ƙas-ƙas zai tsage. Ka danna soson da babban yatsa, in ka taɓo robar nan take to bai da kauri. Ka ja bakin soson ka ga ko gam ɗin na riƙe. Na Turai na asali sukan zo da alamar CE da lamba EN 13061, ƙa'idar da ake gwada su da ita kenan, ko da yake ita ma masu bogi na iya kwaikwayo, hannunka dai shi ne alƙali. Masu carbon suna da ƙarfi ga rashin nauyi, sai tsada, ɗan wasan unguwa bai buƙatar su, roba mai kyau da soso mai kauri ta wadatar.

Wajen ƴan bosho ma kar ka raina, sau da yawa tsohon na asali ya fi sabon bogi nesa ba kusa ba. Ka ɗaga shi a rana ka duba tsaga, ko siririya ce ka ajiye, don ranar da aka buga wurin zai fashe ya yanke ka. In ka saya ka wanke da sabulu kafin ya taɓa fatarka.

Wajen ɗaurewa wasu na yanko robar tayar babur su tamke ƙafa tam, minti ashirin sawu ya fara tsami suna neman canji. Sikoc zagaye ɗaya a ƙasa ɗaya a sama ya isa, yadda yatsa zai iya shiga. In mash na hukuma ne, irin wanda ƙungiyoyin Maradi Ɗan Kasawa ko Jangorzo ke bugawa, sikoc ɗin da ke bisa safa dole ya zama kalar safar, doka ce. Bayan wasa a fitar da shi daga jaka ya sha iska a inuwa, kar a bar shi cikin safa jiƙe har wani sati, daga nan ƙaiƙayi da ƙuraje ke farawa, kuma kar a shanya shi tsakar rana don zafi na busar da roba ta yi saurin karyewa.

Furotej na rage ƙujewa da kumburi da yanka, amma bai yi wa kowa alkawarin hana karaya ba. In an buge ka ka kasa taka ƙafar, a bar zancen a ja a murza, a tafi asibiti a yi radiyo, wato hoton ƙashi, tukuna. In fata ta buɗe ƙasa ta shiga, a wanke da kyau a tambayi allurar tetanus.

Iyaye kuma masu sayen babba wai yaro ya girma a ciki, don Allah a bari. Zai dinga juyawa yana komawa gefe, yaron ya gaji da gyarawa ya cire ya jefa bayan raga, ku kuna gida kuna cewa ai an saya masa. A saya daidai shi, in ya yi masa kaɗan a ba ƙanensa.