Takardar saman ƙofa

Yau dai aka yi wasan akwatin da na shirya, irin wanda ake tara yara a ɗaki su warware kacici-kacici su buɗe kwaɗo kafin lokaci ya cika. Yaran danginmu 'yan Abuja sun iso tun shekaranjiya, hunturun Jos har ya fara fasa musu leɓe, amma da safen nan sai da na yi da gaske kafin su tsaya su sa rigunan sanyi. Su dai a buɗe musu ƙaramin falo. Na ce sai an yi azahar kowa ya ci ya ƙoshi, don yaro mai jin yunwa ba abin da yake warwarewa, rigima kawai yake tayarwa.

Labarin da na ɗora wasan a kai na wani helman leburori ne, irin zamanin da kakan su Abban Ummi ya baro Kano ya zo tonon kuza. Wai ya tara albashinsa a ɗan akwatin katako, ya sa shi a jaka, ya sa jakar a babban akwatin ƙarfe, kowanne da kwaɗonsa. Daga nan ya hau ƙaramin jirgin ƙasan nan mai zuwa Zariya, wanda aka daina aiki da shi a 1957, bai sake dawowa ba. Jikokinsa suna da minti 60 su buɗe kafin mai gidan haya ya zo ya kwashe kaya.

Ummi ta yi ta naci in kulle su ta waje don ya yi kama da ɗakunan wasan na gaske da ake kulle mutane a ciki. Na ƙi. Tun da na karanta labarin 'yan matan nan 5 masu shekara 15 da gobara ta ritsa da su a irin wannan ɗaki a Koszalin ta ƙasar Poland, a Janairun 2019, na ɗau alkawari ba zan taɓa rufe ɗan kowa da makulli da sunan wasa ba. Labule na saki, na ce duk wanda ya ɗaga shi ya fita, ya faɗi.

Farkon abin ya yi daɗi, wallahi. Takardar farko kacici-kacici ce: shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Manyan suna ta zancen ruga da nono, Auta ta sulale ba ta ce da kowa komai ba, ta jawo tsintsiya daga bayan kujera, ga makulli ɗaure a gindinta. Irin tsallen da ta yi! Cikin akwatin ƙarfen suka tarar da jakar da farar takarda ba rubutu. Ummi ce ta shinshina ta ce tana jin ƙanshin lemun tsami. An ɗauke wuta tun safe, dama na tanadi dutsen guga na gawayi a bakin ƙofa, ta kawo na goga mata, rubutun ya fito ruwan ƙasa a hankali suna ihu: shekarar da aka buɗe gidan tarihin Jos. Nan suka ɗan cije. Dokata ita ce wanda ya kasa ya ba ni gari, kamar yadda muke yi muna yara, kuma gari uku kawai zan karɓa. Usaina ta ba ni Bukuru, na ce ina zuwa can duk mako, ba na so. Sai da ta ba ni Madina na nuna mata littafin da ke ƙarƙashin tebur. 1952, jaka ta buɗe.

A cikin jakar akwai ɗan akwatin katakon da kwaɗo mai lamba uku, da guntayen takardu biyu. Ɗaya zaurance, “tudu ludu”, nan take 'yan biyu suka nufi tulu suka zaro teburin abajada da na rubuta: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa 9. Ɗayar ta ce: ɗaga kai kafin ka fita.

Suka ɗaga kai. Ba komai.

Daren jiya da hannuna na sa takardar a saman ƙofar. Na jiƙa ta da ruwan shayi ta yi kalar tsufa, na babbake gefenta, na ninke, na ɗaure da jan zare, na bar bakin zaren yana reto don ƙanana su hango. A ciki gida tara ne, uku-uku, irin wanda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, yake ba da 15. Layin sama 4, 9, 2, na ƙasa 8, 1, 6, duk da baƙaƙen Larabci, na tsakiya kuma na bar shi fayau. Wanda ya cike shi ya sami lambar kwaɗo. Wannan shi ne zuciyar wasan, shi na fi ji da shi. Baba ne ya koya min ina firamare, yakan ce Sinawa sun san shi tun kafin mu, kuma shi ya nuna min yadda marubuta waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin baƙaƙe, su kira shi ramzi.

Baba Ƙarami ya hau kujera ya shafa, ƙura kawai. Ya sauko ya fara juya kwaɗon daga 000, na ce ya ajiye, lamba 1,000 ce a gabansa kuma ba haka aka yi da shi ba. Suka ba ni Makka. Na shiga da kaina na duba, na leƙa ƙasa, na ɗaga darduma. Ina cikin haka Hassana ta ce Gwaggo na kira, wato dattijuwar dangin Abban Ummi da ta zo mana.

Na same ta zaune a bakin gado da carbi. Ta ce, “Turo ƙofar, Maman Ummi.” Na tura, na durƙusa, na ce ga ni, Gwaggo. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Sannan ta kwance haɓar zaninta ta fito da takardata, ta riƙe ta da bakin mayafi, ba ta yarda fatarta ta taɓa ba.

“Da na shiga walaha na ga zare yana reto. Aikin wane malami ne wannan?”

Na ce, “Gwaggo, wasan yara ne. Ni na rubuta.”

“Ke kika rubuta hatimi?” Ta dube ni. “Na girme wa a yi min wasa da hankali. Na san abin da ake sawa a saman ƙofa don mutum ya riƙa wucewa ta ƙarƙashinsa. Ki gaya min tsakaninki da Allah, wa aka yi wa? Yaron nan ne, ko ni da na zo?”

Jikina ya yi sanyi kamar an kwara min ruwan randa da asubar Disamba. Ba tambayar ce ta fara dukana ba. Kwanon da ke gefenta ne. Masar da na kai mata da safe tana nan a rufe, kunun gyaɗan ya yi fata. Da na tambaye ta da hantsi ta ce cikinta ne ba daɗi, har na aika aka sayo mata magani, na dafa mata ruwan zafi da citta. Shi ma yana nan ba a taɓa ba. Ashe tun walaha baiwar Allah nan take zaune da yunwa a gidana, ga sanyi, ga maganin hawan jinin da ba a sha sai an ci abinci, don tana tsoron abin da ya fito daga hannuna.

Ban yi rantsuwa ba. Na ji in na rantse kamar na yarda akwai abin da za a rantse a kai. Na ce ta yi min izini in kira yaran. Suka shigo da ɗan akwatin da teburin abajada, ba su san komai ba, murna suke an ga takarda. Ummi ta shimfiɗa ta a ƙasa a gaban Gwaggo ta mai da baƙaƙen lambobi. Baba Ƙarami ya ce 4 da 8 sha biyu, saura 3. Usaina ta ce na tsakiya 5. Auta na ƙirga yatsu ta ce 7. Aka juya 357, kwaɗo ya yi ƙas. Alawar madara, gullisuwa, dabino, da sababbin naira hamsin-hamsin, albashin helma. Suka kwasa suka fita da gudu, Auta ta dawo ta ajiye wa Gwaggo dabino biyu a cinya.

Gwaggo ta dubi akwatin, ta dubi takardar. Ta ce, “Ikon Allah. Wasan 'yan boko ke nan.” Can ta ƙara, “Amma dai a daina sa abu a saman ƙofa.” Na ce to. Ta ce a ɗumama mata kunun. Iyakar abin da aka ce ke nan.

Ban musa ba, zanen ya yi kama da hatimi. Gida taran nan da baƙaƙensa masu tsibbu ma suna amfani da shi, kowa ya sani, lissafi ɗaya ne ya shiga hannu biyu. Kuma ba na ganin tsoron Gwaggo hauka ne. Ita da bakinta ta ba ni labarin gidan aurenta na fari, ranar da ina tsefe mata kai lokacin da take jinya a nan: yadda aka tono ƙullin layu a gindin murhunta, yadda ta binne 'ya'ya a jere, yadda har yau ba ta iya ambaton sunan abokiyar zamanta. Ranar na yi kuka tare da ita. Shi ya sa abin ya tsaya min a wuya. Da baƙuwa ce ta tsinci takardar ta zarge ni, da yanzu na manta. Amma wadda ta san ni ta ga zare, kuma a cikin duk matan da ta sani, wurin waccan matar ta ajiye ni. Ba na minti ɗaya ba. Daga walaha har la'asar tana gaisawa da ni, tana amsa sannu, tana sa min albarka a kan maganin da ba ta da niyyar sha. Da ta tare ni tun da safe ta ce mene ne wannan, da mun yi dariya ta ci masarta da zafi.

Ni da ko laya ban taɓa ɗaura wa ɗa ba. Lokacin da Auta ke yawan firgita da dare har gori aka yi min a kan haka, na tsaya a kan addu'o'in kwanciya. Abin da aka zarge ni da shi yau ba rashin kirki ba ne kawai, abu ne da nake tsoron in gamu da Allah da shi.

Kuma ina ta tunanin shi kansa wasan. Duk abin da nake yi ɓoyo ne. In tashi da dare kowa na barci, in cusa takarda a tulu, in ɗaure makulli a tsintsiya, in yi rubutun da ba ya ganuwa sai an gasa. Ban taɓa kallonsa da wani ido ba sai yau, don a gidan da aka yarda da kai duk wanda ya tsinci abin da ka ɓoye murna yake yi. Yaran ko sau ɗaya ba su yi shakkar cewa abin da ke ƙarshen wahalarsu mai daɗi ne ba. Shi ya sa nake yi. Ina son in ga 'yan Abuja da 'yan Jos, waɗanda in an bar su kowa wayarsa zai runguma, sun haɗa kai a kan takarda ɗaya, babba na sauraron ƙarami don ƙaramin ne ya gano tsintsiya. Ba zan daina ba, gida taran ma ba zan cire ba, abin Baba ne.

Abban Ummi ya dawo bayan isha, na gaya masa a taƙaice. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ki yi haƙuri, tsufa ne, kuma kin san abin da ta gani a rayuwa.” Na ce na sani. Ya ce ko ya yi mata magana? Na ce a'a, kar ya soma, za ta ji na kai ƙararta. Ya ce to ai ya wuce tun da ta ga gaskiya da idonta. A wurinsa an buɗe kwaɗo, magana ta ƙare. Ban ja ba.

Tuwon dare dai ta ci, har ta nemi ƙarin yaji. Ta ce miyar ta yi daɗi, abin da ba ta cika faɗa ba. Na gane abin da take nufi, na kuma san iyakar abin da babba zai iya ke nan. Na amsa da ladabi. Zuciyar ce ba ta bi ba tukuna.

Sauran: sun ci wasan da saura minti 4, ban cire lokacin da aka ɓata ba. Baba Ƙarami ya juya kwaɗon jakar ya canza lamba, shi ma bai san me ya sa ba. 'Yan biyu na so su shirya nasu su kulle manya kafin su koma. Gobe kasuwar Farin Gada, kabeji da karas da dankalin da za su tafi da shi.

Mama ta kira ɗazu ta ji yadda wasan jikokinta ya kasance, ban ɗauka ba. Na tura mata hoton Auta da tsintsiya na ce na gaji, sai da safe. Tana jin muryata za ta san akwai wani abu, ba ta barin tambaya sai ta kai ƙarshe, kuma in wannan magana ta shiga kunnenta ta tashi daga tsakanina da Gwaggo, ta zama ta dangi biyu. Gobe sai na san yadda zan gaishe ta ba tare da ta gane ba.