Wake mai ƙwaro da kwallin Hajiya

Asabar, Jos.

Sanyi bai gama saki ba na fita cefane, don wanda ya makara a Farin Gada sai dai ya kwashi saura. Na sayi kabeji da karas da latas, na tari Keke zuwa Katako neman wake.

Buhu biyu ne a buɗe gaban mai hatsin. Ɗaya fari tas, ko huda babu, ɗayan kuwa ƙwari na yawo a kai. Na ce a auna mini mudu biyu na mai ƙwarin. Ya ce, "Hajiya, ga mai kyau kin tsallake?" Na ce abin da ƙwaro ya ji tsoro ni ma ina tsoronsa. Dariya kawai ya yi. Na san wake na iya zama tas ba tare da magani ba, in an ajiye shi a buhun PICS mai hawa uku, wanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu. To amma da ido ta yaya zan rarrabe shi da wanda aka yayyafa wa fiya-fiya? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan dichlorvos, sinadarin da ke cikin maganin ƙwarin nan Sniper. Su suna da ɗakin gwaji a bakin iyaka. Mu nan sai dai mu soya ƙosai mu miƙa wa yara su tafi makaranta.

A hanyar gida na shiga wani kanti sayen madara, sai na ga garin kunun yara a leda mai ƙyalli, an manna masa koren tambari an rubuta oganik, wato wanda aka noma ba da sinadaran zamani ba, kuɗinsa ya kusa ninka na kusa da shi. Na tambayi yarinyar kantin wa ya tabbatar. Ta juya ledar ta nuna mini lambar NAFDAC. Lambar tana nuna an yi wa kayan rajista, amma ba ta ce komai kan yadda aka noma geron ba. A Turai, kafin a ba ka tambarinsu na oganik, ganyen nan mai taurari, sai mai bincike ya zo gonarka duk shekara ya duba takardunka. A nan duk mai kuɗin buga sitika ya zama manomin oganik.

Can ma ana ha'inci. Wani manomi a Amurka, Randy Constant, ya sayar da hatsin sama da dala miliyan 140 da sunan oganik alhali ba shi ba ne, sai a 2019 aka yanke masa shekara 10. Ko tambarin na gaskiya ne, abin da yake shaidawa shi ne ba a yi feshin maganin zamani ko takin zamani ba. Ba ya shaidar ƙasa da ruwa. A 2021 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya ba da rahoton samun gubar dalma da asenik a abincin jarirai, har da masu tambarin oganik. Nan na tuna da lambunanmu. Wasu daga kududdufan da haƙar kuza ta bari ake ba su ruwa, wasu kuma tokar bola ake zuba musu a matsayin taki, da duk abin da ya ƙone a ciki, batir ne ko gwangwanin fenti. Mai lambun zai iya rantse miki bai sa takin Bature ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na mayar da ledar inda take.

Ashe babban aikin yana gida. Ina shiga na tarar da Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ɗora auta a cinya, tandu a gefe, tana rambaɗa mata kwalli. Idanun sun fito rau, gaskiya ta yi kyau. Gabana ya faɗi. Kwallin dutse mai ƙyalƙyalin nan dutsen dalma ne ake niƙawa. A 2011 likitoci a Boston sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan iyayen Nijeriya, da aka gwada tozalin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, kuma jikin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta a jini da za a kira lafiya lau.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, an ce kwallin nan ba shi da kyau ga jarirai." Ba ta ko ɗago ba. "Da shi aka rene ni, da shi na reni mijinki. Wane ne ya makance?" Nan na rasa bakin magana, don ba makanta ba ce matsalar. Kowa ya ji labarin Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma saboda niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Wannan ta bayyana, har da jijjiga. Ƙaramar dalma kuwa ba ta zazzaɓi, ba ta kuka, kaifin ƙwaƙwalwa take ragewa a hankali, sai yaro ya shiga aji a ce ba ya ganewa. Ta yaya suruka za ta tsaya gaban uwar miji tana wannan bayani? Na karɓi yarinyar da sunan zan shayar da ita, na goge idon da auduga da ruwan ɗumi.

Bayan isha na faɗa wa baban yara, ya shiga wajenta, suka daɗe. Da ya fito ya ce ta yarda ta daina, amma da sharaɗi: ranar sunan gidan ƙanwarsa kada wanda ya hana ta, don ba za ta fita da jikarta ido fari a yi mata dariya ba. Sunan kuwa Juma'a ne.