Jiya na raka Baba asibiti

Wallahi har yanzu abin na cina a rai. Shekarar Baba 78, ga hawan jini ga ciwon suga ga gwiwa, amma kowane ciwo likitansa daban, ranarsa daban, ɗaya ma a saman bene yake kuma ba lifta. Sau uku muna tsayawa a matakala yana riƙe da kafaɗata yana haki, da ya ce min "ɗan dakata yarona" sai da idona ya ciko.

Magungunansa kala bakwai ne a leda, ba wanda ya taɓa zama ya duba su gaba ɗaya sai wata nas da ta gano biyu aikinsu ɗaya ne, Allah ya saka mata da alheri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye, a 2050 kuma su kai biliyan 2.1. To dan Allah wa ke horar da likitocin tsofaffi tun yanzu, wa zai riƙa bin su gida? Mu dai sati mai zuwa za mu sake hawa benen nan.