Garejin wani dattijo a Oceanside

Daga Los Anjelas zuwa Oceanside tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin ƙasan Pacific Surfliner. Bayan an wuce San Juan Capistrano sai dogo ya bi bakin teku, kana zaune kana hangen masu hawan igiyar ruwa, ɗigo-ɗigo kamar agwagi. Niyyata in leƙa gidan tarihin wannan wasa na Kalifoniya, wanda aka kafa a 1986, in juya kafin magariba. Ban samu juyawa da wuri ba, domin a can na haɗu da wani dattijo mai tara tsofaffin allunan da ake wannan hawan da su, ya ce sai na ga nasa.

Garejinsa ba mota a ciki. Dogayen alluna ne jere a kan maratayi, wasu sun haura ƙafa goma, ga ƙamshin tsohon katako da kakin da ake goga musu. Ina ta yaba sheƙin fenti, shi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Sai ya kifar da allo ya nuna min gindinsa.

Na farkon jan katako ne zalla, sumul ba komai a ƙasa. Na yi yunƙurin ɗagawa, bayana ya ce bai san zancen ba. Masu hawan irinsa da ƙafa suke juya shi, su tsoma ta cikin ruwa suna ja, kuma in igiyar ta miƙe sosai sai gindin ya zame gefe, mutum ya sha ruwa. A 1935 wani mai hawan igiyar ruwa, Tom Blake, ya ciro wani ƙarfe daga ƙasan wani yasasshen kwalekwale mai inji a Waikiki da ke Hawaii, ya ɗaura wa allonsa. Fiffike na farko ke nan, wato ɗan abin da ake kafawa a ƙasan allo don hana shi zamewa. Abin da ya ba ni dariya, ba a yi rububinsa ba. An ɗau shekaru wasu na tsoron ya yanke su.

Daga nan ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya. Ga mai fiffike biyu irin wanda Bob Simmons ya gwada a ƙarshen shekarun 1940, ga na farkon shekarun 1960 mai fiffike mai faɗi kamar faifai, an lulluɓe katakonsa da faiba. Fiffiken da ya fi burge ni siriri ne mai lanƙwasa baya, salon George Greenough, wanda ya kwaikwayi jelar kifin tuna. Na danna bakinsa da yatsa, ya ɗan ba da kai ya dawo.

Na tambaye shi me ya sa bai gyara wani da ya tsage ba. Ya harare ni. Ashe a wurinsu allon da aka sauya wa fiffike darajarsa ta faɗi, ko da sabon ya fi kyau.

Jirgin yamma ya wuce ni. Na zauna kan gadar katakon da ta kutsa cikin teku ina jiran na dare, duk yaron da ya fito da allo a hammata sai in tsinci kaina ina leƙen ƙasansa. Yawanci fiffike uku-uku ne, tsarin da Simon Anderson ya fito da shi a 1980.