Wata Huɗu a Bakin Rijiyar Woɗaaɓe

Da rani na sauka arewacin Dakoro, a jihar Maraɗi, da littafin rubutu da taswira, ina binciken yadda Woɗaaɓe, wato Fulani makiyaya da ake kira Bororo, ke riƙe da ƙasarsu. Tambayar da na zo da ita daga jami'a guda ce: ina iyakarku? Sati biyu ina yin ta, ana yi mini shiru ko a nuna mini daji da sanda.

Wani dattijo ne ya tausaya mini. Ya ce, "Ɗana, ajiye takardar nan, gobe ka zo rijiya da asuba." Na je. Bijimi na jan igiya, yara na kora shi, wasaki na fitowa ana juyewa a kwami, jajayen shanu masu dogon ƙaho sun yi layi. Garken zuriyar da ta haƙa rijiyar ne ya fara sha. Sai na dangi. Can da hantsi wani baƙo ya iso da tumakinsa, ya yi gaisuwa, aka ba shi kwana uku. Na ce, "Baba, me ya sa uku?" Ya ce ciyawar da ke kewaye ba za ta ɗauki fiye da haka ba, kuma baɗi wataƙila shi ne zai je roƙo a rijiyar mutumin. A nan na gane cewa mai iko da ruwa shi ke tsara kiwon dajin duka, ba shinge ba turke.

Dokokin Nijar sun san da wannan. Ta 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, dokar karkara ta 1993 ta ba makiyaya fifiko a wurin da suka saba komawa, ta 2010 kuma ta tabbatar musu da 'yancin yawo da dabbobi. Amma da idona na ga gonakin gero sun haura iyakar, sun cinye burtali. Na kuma ga rijiyar siminti ta kowa da kowa, wadda ba mai cewa kwana uku, ƙasar gefenta ta zama fako.

Kuskurena da ya fi damuna shi ne taswirar da na fara zanawa. Na kewaye rijiyar da layi, na rubuta sunan zuriya ɗaya. Da ta shiga hannun hukuma, da baƙon nan ya rasa mashaya. Na yage ta, na koma rubuta wa ke sha, yaushe, da izinin wa. Kafin in tafi na karanta musu komai da Hausa, wani saurayi yana mayarwa Fulatanci, suka gyara mini wuri biyar.