Ƙwaron da ke yanke mana rassan yazawa

A gonarmu ta yazawa da ke wajen Tudun Wada, rassa suka riƙa faɗuwa ba iska ba hadari, kowanne an ɓare ɓawonsa a zagaye kamar da wuƙa. Da na kamo mai ɓarnar, baƙi mai ratsi uku ruwan lemo a fukafuki, Kawu ya ja da baya.

"Kai yaro, yar da shi! Hangara ce, za ta tashe ka da bororo."

"Kawu, dubi ƙahonsa tukuna."

Launin ne ya rufe masa ido, don akwai hangara mai irin wannan ratsin a furen wake. Amma hangara fukafukinta laushi gare su, wuyanta siriri, ƙahonta gajere. Wannan kuwa jikinsa tauri, tsawonsa ya kai santimita 4, ƙahonsa ya kamo tsawon jikin. In ka riƙe shi sai ya yi ƙara ƙiiƙii, yana goga wuya da ƙirji.

Da gilashin ƙara girma na ƙirga gaɓoɓin ƙahon, 11 cif. Idonsa ma ba zagaye ba ne, ya lanƙwashe ya kewaye gindin ƙahon. Waɗannan alamun suka sa shi cikin dangin Cerambycidae, masu iri wajen 35,000 a duniya, don haka sanin dangi somin-taɓi ne. Fuskarsa shafaffiya mai kallon ƙasa ta kai ni reshen Lamiinae. Daga nan sai ratsin ya yi amfani, a ƙarshe ba a farko ba.

Na ɗauki hoto ta sama, ta gefe da ta fuska, da rula a kusa, na kai wa malamin gona tare da reshe guda. Reshen ya fi hoton gamsar da shi. Analeptes trifasciata ne, wanda masanin ƙwari Fabricius ya fara bayyanawa tun 1775, kuma yana taɓa itacen kuka ma.

Yankan nan ba ƙeta ba ce: macen na zuba ƙwai a ɓangaren da zai bushe, tsutsar ta girma a cikin itacen. Ashe rassan da muke tarawa gefen gona don girki reno muke yi musu. Yanzu ƙona su muke yi nan take, manyan ƙwarin kuma yara su tsince da hannu, Kawu na tsaye daga nesa yana ba da umarni.