Asabar a Bronx, kan teburin ƙuri'ar gidaje

Tun safe ake ruwa, amma bai hana jama'a fitowa ba. Bayan azahar muka kafa tebur a ƙasan masallaci, masu neman gida ta Housing Connect, shafin ƙuri'ar gidaje masu araha, suka jeru, kowa da wayarsa da ambulan ɗin takardu. Shafin na hukumomin gidaje na birnin New York ne, HPD da HDC, kuma tun da aka sabunta shi a 2020 kusan komai ta intanet ake yi, ko da yake har yanzu ana karɓar takarda ta gidan waya.

Galibin masu zuwa sun ɗauka abin duk sa'a ne. Da sa'a a ciki, gaskiya. Bayan an rufe karɓar buƙata, kwamfuta ce ke raba wa kowa lambar layi ba tare da zaɓi ba, wanda ya cika a ranar farko da na ranar ƙarshe duk ɗaya suke. Amma inda na fi ganin gida na kuɓuce wa mutane shi ne bayan an kira su, lokacin da za a gwada abin da suka rubuta da abin da takardunsu suka nuna.

Kowace sanarwa tana da jadawali: girman gida, kuɗin haya, yawan mutanen da za su zauna, da mafi ƙarancin kuɗin shiga da mafi yawansa. Ma'aunin shi ne AMI, wato matsakaicin abin da iyali ke samu a yankin, wanda ma'aikatar gidaje ta tarayya ke fitarwa duk shekara. Akwai gidajen masu samun kashi 30 cikin 100 na AMI, da 50, da 60, da 80, har 130. Na 130 ɗin nan sunan araha kawai gare su, hayarsu kan kai ta kasuwa a unguwanninmu. Mai takardar tallafin haya, irin Section 8 ko CityFHEPS, ƙa'idar mafi ƙarancin kuɗi ba ta hau kansa ba, kuma da yawa ba su san haka ba sai su ƙi nema.

Wata baiwar Allah mai aikin kula da tsofaffi a gida ta miƙo takardun albashinta. Duk mako biyu ake biyanta dala 1,600 kafin a cire haraji. Ita ta ninka sau 24, wai sau biyu a wata, ta samu 38,400. Na ce, "Hajiya, shekara mako 52 ne, biyanki 26 ne." Lissafi ya koma 41,600. Dala 3,200 ɗin nan ta isa ta fitar da mutum daga wannan rukuni ta kai shi wancan. Kuɗin kafin haraji ake rubutawa, ba wanda ya faɗo asusu ba, kuma kuɗin ƙarin lokaci yana ciki, haka ma na ɗa ko 'ya mai shekara 18 ko fiye da ke aiki.

Direbobi nasu daban ne. Wani dattijo mai tuƙin Uber ya rubuta duk abin da manhajar ta nuna ya tara a shekara. Mai aikin kansa, ribar da ta rage bayan fetur da inshora da gyaran mota ake dubawa, kamar yadda take a takardar harajinsa. A nan kuma wani tarkon yake: wanda ya matse riba a takardar haraji don ya biya kaɗan, sai ya tarar bai kai mafi ƙarancin kuɗin da gidan ke nema ba. Masu kitso da ake biya hannu da hannu su ma haka, in ba su cika haraji ba, babu abin da za su nuna.

Sai adashi. Ranar kwasa kuɗi mai kauri ya shigo asusu ta Zelle, manhajar tura kuɗi, mai tantancewa ya gani a bayanan banki, ya tambayi daga ina, in babu bayani yana iya lissafa shi a matsayin samu. Gara a tanadi rubutaccen bayani tun da wuri, uwar adashi ta sa hannu.

Kafin la'asar wani matashi ya ce shi da matarsa kowa zai cika nasa a gini ɗaya don su ƙara dama. Kul. Iyali ɗaya buƙata ɗaya ce a kowace ƙuri'a, in aka ga biyu ana iya soke duka. Gine-gine daban-daban kuwa, a nemi ko nawa ne. Ya kuma tambayi fifikon 'yan unguwa. A da rabin gidajen ake ware wa mazauna gundumar da ginin yake, amma bayan sulhun wata shari'a a 2024 aka rage zuwa kashi 20. Akwai kuma kason ma'aikatan birni, kashi 5 na masu lalurar tafiya, kashi 2 na masu lalurar gani ko ji.

Kira kan zo bayan watanni, ta imel ko cikin shafin, wa'adin kai takardu kuma kwana goma ne na aiki. Mutum biyu yau muka tarar saƙonsu ya kwanta a akwatin tarkace har wa'adi ya wuce. Wanda aka ƙi shi ma kwana goma na aiki gare shi ya ɗaukaka ƙara a rubuce, da hujja a haɗe. Shi ya sa muke sa kowa ya ɗauki hoton katin shaida, takardun haihuwar yara, takardun albashi, na haraji da na banki, ya adana a waya. Wanda ba shi da tarihin bashi a Amurka yana iya nuna shaidar biyan haya na wata 12 a madadin binciken bashi.

Neman kyauta ne. Babu dillali, babu la'ada, kuɗin binciken bashi ma doka ta tsayar da shi a dala 20. An ce wani na yawo a Harlem yana karɓar kuɗi wai zai gyara wa mutane lamba. Na roƙi Liman ya yi sanarwa a kansa ranar Juma'a.